Wata uku ina gida, ƙofar banki ta gagare ni shiga

Assalamu alaikum jama'a. Na daɗe ina jujjuya maganar nan a raina, in rubuta ko in bari, don har yanzu akwai 'yan uwana na jini da basu san ainihin abun da ya zaunar dani a gida a 2023 ba, su dai a saninsu taifot ce ta kama ni ta ƙi saki. Yau dai nace bari in faɗa. Bazan ambaci sunan kowa ba balle sunan inda nake aiki, wanda ya gane ni kuma ya rufa min asiri, Allah ya rufa masa nasa.

Ni ne ɗan fari a ɗakinmu, mu bakwai ne, a Kurna muka tashi. Mahaifinmu ɗan tebur gare shi na kayan masarufi a kasuwar Singa, ina aji biyar na sakandare Allah ya yi masa rasuwa. Ranar sadakar uku wani kawunmu ya dafa kafaɗata a zaure yace to kai ne uba yanzu, babban wa magajin uba, kar in sake ganin hawaye a idonka. Na san da zuciya ɗaya ya faɗa, amma ni na riƙe maganar tamkar aya. Daga ranar kalmar "na gaji" ta fita daga bakina. Da rana ina makaranta, da dare ina saida katin waya a bakin titi, a haka na gama poli na yi bautar ƙasa, a 2017 na samu aikin kashiya a wani banki da ke wajen Kantin Kwari.

Abun da mutanen unguwa basu sani ba, ni ba ma'aikacin bankin bane kai tsaye, wani kamfani ne ya ɗauke mu kwantiragi ya kawo mu. Kwat ɗinmu iri ɗaya da ta cikakkun ma'aikata, katin da muke ratayawa a wuya iri ɗaya, amma albashi ko kusa, kuma takarda ɗaya ta isa a sallame ka. To amma wa zaka tsaya yi wa wannan bayanin? An ganka da kwat kullum, kai ne mai banki. Kuɗin makarantar ƙanne, maganin hawan jinin Hajiya mahaifiyarmu, kayan ɗakin ƙanwata, gudunmawar biki, wanda matarsa ta haihu, duk kaina. Na yi aure a 2019, yara biyu suka zo a jere.

Shida da kwata na bar gida, bakwai muna mitin, takwas a buɗe ƙofa. Mutane gani suke ƙarfe huɗu muke tashi tunda lokacin ake rufewa, alhali lokacin ne ma aikin yake farawa, sai kuɗin da ke hannunka ya yi daidai da abun da ke kwamfuta kafin ka motsa. In an samu gibi daga albashinka za a cire. Akwai ranar da naira dubu 50 ta yi ƙafa a hannuna, har yau ban san wanda na ƙara wa ba, wata biyu ana yanka ta. 'Yan Kwari kuma ba da ambulan suke kawo kuɗi ba, a buhu suke kawowa, ka wuni kana shaƙar ƙurar tsofaffin takardu ga ƙarar injin ƙirga a kunnenka. Ga kuma taget na buɗe asusu da ake bin ka dashi har a WhatsApp ƙarfe goman dare. Ba wanda ban buɗe wa asusu ba a danginmu, Hajiya kanta tana da guda biyu da bata san da zamansu ba.

Jiki magayi, ya daɗe yana gaya min ban saurara ba. Ƙarfe uku na dare idona zai buɗe tar, shikenan ni da barci sai gobe. Matata tace ko a barcin ma babban yatsana motsi yake kamar ina ƙirga kuɗi. Ranar Lahadi da an sallame la'asar sai cikina ya ƙulle. Ciwon kai, ciwon ƙeya, olsa. In na je kemis a ce maleriya da taifot, in sha magani in koma. Yaro ya zubar da ruwa sai in daka masa tsawar da ni kaina sai na tsorata. Ban taɓa kawo wa raina wai aiki ne ba, aiki ai rufin asiri ne, mutum nawa ke nema basu samu ba.

Sai ga canjin kuɗi. A watan Oktoban 2022 aka sanar za a sauya takardun naira 200 da 500 da 1000, aka sa 31 ga Janairu ta zama ranar ƙarshe, daga baya aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Duk wanda ke Najeriya a lokacin ya san abun da ya biyo baya, amma ku ta waje kuka gani, mu muna ta ciki. Da farko tsofaffin kuɗi suka yi ta kwararowa har ba wurin ajiya, mu kai sha ɗayan dare muna ƙirga. Daga baya kuma sababbin suka yi ƙaranci, tun kafin asuba mutane sun kafa layi an rubuta lamba a hannu, kai kuma an baka ɗan abun da bai taka kara ya karya ba ance ka raba, wani lokacin dubu biyar biyar, wani lokacin ko ita bata kai ba. Mutum da kuɗinsa a asusu matarsa na asibiti yana roƙonka da Allah da Annabi, kai kuma aljihun tebur ɗinka wayam. An zage ni an zagi iyayena, wani ya tofa min yawu ta ƙasan gilas. Muna ganin bidiyon yadda aka ƙona bankuna a wasu garuruwan kudu, sai muka koma cire kwat da katin wuya mu cusa a jaka kafin mu fita. A unguwa kuma ƙofar gidana ta zama wani reshen bankin, kowa gani yake ina da sababbin kuɗi ina hanawa ne.

Abun mamaki duk tsawon wannan bala'in ban faɗi ba. Sai da abu ya fara lafawa. Kotun ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin kuɗi, wajen ƙarshen watan kuɗi suka fara dawowa, har Asabar da Lahadi muka buɗe, ga azumi ya shigo. Ranar wata Talata a satin farko na azumin wata dattijuwa ta miƙo min ɗauri biyu na 'yan dubu dubu, abun da nake ƙirgawa ido rufe. Na ƙirga na samu wata lamba, na sake na samu wata, na saka a inji ya nuna lamba ina kallonta amma wallahi na kasa gane me take nufi, kamar an rubuta da wani yare. Hannuna ya ɗau rawa, gumi ya jiƙa min riga duk da sanyin esi. Nace Baba ina zuwa, na shige banɗaki na zauna a ƙasa da kwat ɗina, ƙirjina kamar an ɗora buhun siminti, numfashi ya ƙi shiga, na fara kalmar shahada don na gama yarda tafiya ce ta zo.

A asibiti aka yi gwajin zuciya aka ɗebi jini, akace komai lafiya, jinina ne ya ɗan hau. Har haushi na ji, na so a ce ga ciwon da zan iya nuna wa mutane.

Kun san alkunyar ɗan fari. Tunda nake Hajiya bata taɓa kiran sunana ba, "kai" ne ko "wannan yaron", ko ciwo nake sai dai ta aiko a tambaya. Daren da aka dawo dani ta zo har gidana ta zauna a bakin katifa, ta daɗe bata ce komai ba, can ta kira sunana na yanka tace me ke damunka. Kukan da ban yi ba tun ranar sadakar uku shi na yi a daren, matata ta kwashe yaran ta fita dasu tsakar gida.

Dangi kowa da nasa. Wasu sukace sammu ne, wasu kambun baka, wasu sukace kuɗin jama'a da nake taɓawa ai ba a rasa na tsafi a ciki. An kawo rubutu na sha, an yi hayaƙi. Wani malami da ya zo ya yi min ruƙya, Allah ya saka masa da alheri, bayan ya gama karatunsa tsaf ya dube ni yace malam ni ban ga alamar iska a jikinka ba, ka riƙe azkar ɗinka amma ka koma asibiti. Likitan farko dama ya rubuta min takarda zuwa ɓangaren ƙwaƙwalwa na ƙi zuwa. Mu da muka tashi a Kurna motocin Dawanau, inda asibitin masu taɓin hankali yake, ta gabanmu suke wucewa, tun muna yara in mutum ya yi shirme cewa ake a kai shi Dawanau, yanzu kuma ni za a ce in ga likitan mahaukata? Matata ce ta tsare ni tace Abban yara ko ka je da ƙafarka ko in kira Hajiya ta raka ka. Na je da takunkumin korona a fuska da hula har gira don kar a gane ni. A layin na hango wani babban mutum da nake gaisarwa a masallaci, shi ma da nasa takunkumin, muka haɗa ido kowa ya kau da kai.

Likitan ya ba ni kusan awa guda, ban taɓa zama da likita haka ba. Yace min jikin mutum yana da ƙararrawar haɗari da ke sa zuciya bugawa da tsoka ɗaurewa in an ga abun tsoro, tana kaɗawa ta yi shiru, to tawa shekaru ta yi tana kaɗawa ba a kashe ba har ta lalace tana tashi ba dalili. Kamar janareto ne yace, da aka bari yana aiki dare da rana ba juye. Yace Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2019 ta yi bayanin irin wannan ƙonewar da matsin aiki ke jawowa, alamunta uku, ƙarewar ƙarfi, da jin ka tsani aikin ko ka yi nisa dashi a zuci, da raguwar ƙwazo, sai dai bata lissafa ta a matsayin cuta ba, abu ne da ya shafi aiki. Ni kuma nawa ya riga ya zarce ya zama ciwon damuwa da fargaba, abun da ya same ni a banɗaki kuma firgici ne, ba ya kisa ko da yake mai shi ji yake kamar mutuwa. Ya ɗora ni a magani yace sai ya yi sati biyu zuwa huɗu kafin in fara jin bambanci, kar kuma in yanke shi da kaina.

Nan fa maganar hutu ta taso. A dokar ƙwadago ta ƙasar nan kwana 12 ne na rashin lafiya da albashi a shekara, in likita ya bada takarda. Na cinye su, na haɗa da hutuna na shekara, bayan ƙaramar sallah nace na warke. Barci ya ɗan dawo, ina cin abinci, ga tsoron kar a maye gurbina. Likita yace da sauri, nace yallaɓai kai albashinka na tafiya. Na koma ranar aiki ta farko, aka yi min sannu da zuwa aka mayar dani kujerata, injina, layina, kamar ba abun da ya faru, har da ƙarin taget ɗin da ya taru. Ranar farko na daure, ta biyu na daure, ta uku ƙarfe sha ɗaya ina jin ƙarar injin ƙirga na kusa dani abun ya dawo sabo fil, wannan karon a gaban kwastomomi. Wannan faɗuwar ta biyu ta fi ta farko ciwo nesa ba kusa ba, don ta farko jikina ta karya, ta biyu kuwa ta sa na yarda cewa na gama amfani. Tsalle ɗaya ake a faɗa rijiya, a yi dubu ba a fito ba.

Aka ba ni hutu ba albashi. Ina kwance aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, komai ya bi ta. Matata ta fara zoɓo da kunun aya tana bai wa yara suna kaiwa makarantar Islamiyya, ni ina ɗaki labule a sake, in na ji sallama sai in yi kamar ina barci. A unguwa magana ta kasu biyu, masu cewa ya taɓu da masu cewa ya ci kuɗin banki an dakatar dashi. Zan faɗi wani abun kunya, wallahi a lokacin na fi son ta biyun. Na gwammace a ce min ɓarawo da a ce min mahaukaci, ku duba fa inda tunaninmu yake.

Mutum biyu ne Allah ya yi amfani dasu ya fito dani. Ta farko wata masaniyar halayyar ɗan Adam da likitan ya haɗa ni da ita. Ita ce ta fara ce min hutu kaɗai bazai mayar dani aiki ba, hutu yana gyara jiki amma kowace rana da na ƙara ina guje wa wurin, tsoronsa ƙara girma yake. Kuma in na jira sai ranar da na ji na warke sarai, ranar bazata zo ba. Ta ɗauko takarda muka zana tsani. Matakin farko in tashi lokacin da na saba, in yi wanka in sa kaya ko ba inda zani, in taka daga gida zuwa titi in dawo. Na biyu in hau adaidaita sahu in wuce ta gaban bankin ba tare da na sauka ba. Ranar farko da muka doso layin na runtse ido har mai adaidaitan yace malam lafiya. Na uku in zauna a teburin mai shayin da ke tsallaken titi ina kallon ƙofar, in auna tsorona daga ɗaya zuwa goma, kar in tashi sai ya sauko da kansa. Ranar farko tara ne, shayin ya huce a hannuna ban kurɓa ba, ina kallon mai gadi yana buɗe ƙofar nan mai ƙara yana rufewa, wajen minti arba'in kafin ya sauko biyar. Kwana na huɗu da shida ya fara. Mataki na gaba in shiga a matsayin kwastoma in ajiye naira dubu ɗaya a asusuna. Na cike takardar hannuna na rawa, yarinyar da ke zaune a kujerata sabuwa ce bata ma san ni ba, ta buga hatimi tace na gode yallaɓai. Na fito ina dariya ni kaɗai a titi.

Ta biyu shugabar sashenmu ce, Bayarabiya haifaffiyar Sabon Gari, Hausa a bakinta kamar jakin Kano, Madam muke ce mata. Duk ranar Juma'a da yamma sai ta kira ni, minti uku bata wucewa. Ƙanena ya jiki, ya yara, ta ba ni labarin wani shirmen da ya faru a ofis, shikenan. Ko sau ɗaya bata taɓa cewa yaushe zaka dawo ba. Sauran abokan aiki kuwa ɗif, ba don mugunta ba, daga baya wani yace min basu san me zasu ce bane. Wannan kiran na Juma'a shi ya sa ban ji an binne ni da rai ba.

Da na kai matakin ƙarshe na tsanin ni na ce mata Madam ina so in gwada amma ina tsoron irin na wancan karon. Tace wancan karon mu muka yi kuskure, mun mayar da kai cikin wutar da ta ƙona ka. Ta ce in karɓo takarda daga likita, amma ba mai sunan ciwo ba, mai faɗin abun da zan iya da wanda bazan iya ba tukuna. Muka zauna ni da ita da manaja da wani daga kamfanin da ya ɗauke mu. Manaja yace shi fa banki ba asibiti bane, in mutum bazai iya ba ga masu nema nan a waje. Madam bata yi masa maganar tausayi ba sam, lissafi ta yi masa, tace shekara shida yaron nan yana riƙe kuɗi ba a taɓa kama shi da almundahana ba, 'yan Kwari sun san shi sun yarda dashi, sabon da zaka kawo wata nawa zai yi kafin ya daina yi maka gibi? Ta kuma tuna musu cewa a watan Janairun shekarar shugaban ƙasa ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, zamanin kora mutum kamar kare saboda irin wannan lalura ya fara wucewa. Manaja ya yi shiru yace sati shida, in bai yi ba shikenan.

Aka rubuta a takarda kowa ya sa hannu, kuma rubutawar nan tana da amfani don baki yana mantuwa ranar da layi ya yi tsawo. Sati biyun farko kwana uku a sati, takwas zuwa sha biyu, a ɗakin baya ina duba takardun buɗe asusu, ba taɓa kuɗi. Sati biyu na gaba kullum zuwa ƙarfe biyu. Na ƙarshe cikakken wuni amma awa biyu kawai a kanta, wato teburin karɓa da biyan kuɗi. An cire ni daga gurup ɗin taget, ba mai kirana bayan magariba, lokacin sallar azahar da cin abinci nawa ne ko da wa ke jira. In na ji abun na tasowa ina da izinin fita minti goma ba sai na yi bayani ba. Rabin albashi za a ba ni, ya yi min zafi amma ya fi babu. Duk ranar Alhamis mu zauna da Madam minti goma mu ga me ya yi me bai yi ba. Har abun da zan ce wa masu tambaya sai da muka shirya, "na yi rashin lafiya ne, Alhamdulillah da sauƙi", in ƙara gaba.

Litinin ɗin farko bayan babbar sallah na koma. Awa huɗu kacal ina jera takardu amma da na dawo gida barci na yi har la'asar kamar wanda ya yi dako. Wasu suna min magana a hankali kamar mai jinya, wasu suna ƙus ƙus wai ɗan gatan Madam yana tashi sha biyu mu muna nan har dare. Wannan ta dame ni don gaskiya ne aikina a kansu ya faɗa, na faɗa wa Madam, tace wannan matsalata ce ba taka ba.

A sati na biyar, rana ta biyu da komawata kanta, wani ɗan kasuwa ya buga gilas yana ihu a kan transfa da bata shiga ba. Nan take kunnena ya toshe, yatsuna suka yi sanyi. Na tura aljihun tebur na kulle, na fita bayan ginin wajen janareto, na yi numfashin da aka koya min, a ja a hankali a saki a hankali ya fi tsawo, ina ta hasbunallahu wa ni'imal wakil. A raina nace shikenan an koma gidan jiya. Madam ta same ni a wurin tace ba gida zaka tafi ba, mataki ɗaya zamu koma baya. Na ƙarasa ranar a ɗakin baya, aka ƙara min sati biyu, ta san yadda ta yi da manaja. A ganina duk cikin abun da aka yi min wannan ne ya fi komai, da an ce in tafi gida a ranar bana jin zan sake dawowa.

Yanzu ina teburin buɗe asusu, ina shiga kanta in an rasa hannu. Maganin na sha shi sama da shekara, likita ya yi ta rage shi kaɗan kaɗan har aka daina. Ba wai komai ya koma daidai bane, an mayar da wasu sa'o'ina cikakkun ma'aikata ni an tsallake ni, ba wanda ya faɗi dalili amma na sani. Har yanzu wata Lahadin cikina yana ƙullewa. Na kuma san sa'a na taka, wani da muka yi poli tare irin haka ta same shi a wani wurin, takardar sallama aka miƙa masa, yanzu POS yake yi. A gida na tara ƙannena maza biyu da suka fara samu na faɗa musu gaskiya, ɗaya ya ɗau maganin Hajiya ɗaya ya ɗau kuɗin makarantar auta, ƙaramin har yana cewa Yaya ai da ka faɗa tuntuni, mu gani muke kana da shi ne.

An yi wa Madam canjin wurin aiki bara. Kwanaki wani yaro a sashenmu, bai fi shekara biyu da fara aiki ba, ya daina zuwa, akace olsa ce ta kwantar dashi. Da na ji an shiga sati na huɗu na karɓi lambarsa na kira ranar Juma'a da yamma, nace ƙanena ya jiki, na ba shi labarin yadda injin ƙirga ya haɗiye hular wani Alhaji, ya yi 'yar dariya muka yi sallama. A Juma'a ta uku shi da kansa yace Yaya wai da gaske ne kai ma ka taɓa yin irin wannan? Nace sosai ma. Ya je ya ga likita, na kuma kai wa sabon shugaban sashenmu kwafin tsohuwar takardata mai sa hannun mutum huɗu, yace zai duba.

Shekaranjiya na ɗau izinin rabin awa na tsallaka titi na same shi a teburin mai shayin, ya zo da hular sanyi ya ja ta har gira. Na sa aka haɗa mana biyu. Nace nawa ne yanzu cikin goma, yace tara. Muka zauna muna kallon mai gadi yana buɗe ƙofa yana rufewa, ba mai cewa komai, nasa shayin yana hucewa a hannunsa. Da lokacina ya cika na tashi na biya, nace nawa, ya ɗan yi jim yace kamar bakwai. Nace to kar ka tashi tukuna, gobe ma ƙarfe goma ina nan.